FILIN ILMIN TSIRRAI: Ganye Da Fure Su Ne Shaidar Dangi

Da zarar ruwan shuka ya sauka, ƙasa takan fid da dukan abin da ta ɓoye tun kaka, mai amfani da mai cutarwa a haɗe. Makiyayin da ya sha wuyar bazara yakan saki shanunsa su bi ɗanyen ganye duk inda suka hango shi, yara kuma su bazu cikin daji da 'yar dagi suna tonon saiwoyi, manomi kuwa ya tsaya a bakin kunya yana duban haki yana lissafin kuɗin maganin feshi. Su ukun nan duka ilmi guda suke bukata, watau sanin dangin tsiron da ke gabansu, gama kuskure a nan yana iya cin saniya, ko dukiya, ko ma rai. Saboda haka a wannan mako filin nan zai duba babban rukunin tsirran da ake kira masu kunne ɗaya, da alamomin da ake bi a rarrabe dangoginsu.

ASALIN RABON

Duk wanda ya taɓa ɓare gyaɗa ko ya surfa wake ya san ƙwayarsu tana darewa gida biyu. Waɗannan ɓari biyu su ne kunnuwan tsira, watau ganyen farko da ɗan tsiro ke da shi tun yana cikin ƙwaya. Ƙwayar masara kuwa, ko ta dawa, ko ƙwallon dabino, ba ta darewa haka, domin kunnenta guda ne tak. Wani masani na ƙasar Ingila mai suna John Ray shi ne ya fito da muhimmancin wannan bambanci a cikin littafinsa na 1682, daga baya kuma wani Bafaranshe, Antoine-Laurent de Jussieu, ya kafa tsarin dangogin tsirrai a kansa a cikin 1789. Masana sun ƙidaya masu kunne ɗaya fiye da iri 60,000 a duniya, kuma a cikinsu ne ake samun mafi yawan abincin ɗan Adam.

To, amma ba kullum mutum ke tarad da tsiro yana ƙwaya ba. Don haka akwai alamomi huɗu da ke tafiya tare da kunne ɗaya. Na farko, jijiyoyin ganye suna tafiya a jere, kowace a layinta kamar kunyoyin gona, ba su saƙa raga kamar na kuɓewa ko kabewa. Na biyu, sassan fure suna zuwa uku-uku ko shida-shida, alhali na masu kunne biyu huɗu-huɗu ne ko biyar-biyar. Na uku, saiwoyi suna fitowa a cunkushe kamar geza, ba uwar saiwa guda da ke nutsawa ƙasa. Na huɗu, kara ba ya ƙara kauri shekara-shekara ta hanyar zoben itace kamar yadda maɗaci ke yi, shi ya sa mai lambu ke yi wa mangwaro aure amma ba ya yi wa dabino.

Kafin a ci gaba, ya kamata mai karatu ya riƙe sassan fure guda uku. Akwai fallayen fure masu launi daga waje. Akwai mazajen fure, watau 'yan tsinkayen da ke ɗauke da garin barbara, irin wanda manoma ke kira bununi a jikin gero. Sa'an nan akwai mahaifar fure, inda iri ke ƙulluwa. Wani lokaci mahaifar tana zaune a cikin furen, bisa gindin fallaye, wani lokaci kuwa tana ƙarƙashinsu kamar ɗan kumburi a wuyan furen. Wannan ɗan bambanci yana raba dangogi da dama.

CIYAWA, AYA DA KACALLA

Dangin ciyawa shi ne uban gayya, mai iri wajen 12,000. A cikinsa gero yake, da dawa, da masara, da shinkafa, da alkama, da acca, da tamba, da rake, haka nan gamba, da kyasuwa, da tofa, da ƙarangiya, har da gora mai tsawon bishiya. Karansu a mulmule yake, yana da gaɓoɓi, kuma daga kowace gaɓa ganye guda ke fita, wannan dama wancan hagu, sahu biyu ke nan. Gindin ganyen yana naɗe kara kamar kube, kuben kuma a tsage yake ta gefe ɗaya. Idan aka ja ganyen baya kaɗan, a daidai inda ya rabu da kube za a ga wani ɗan harshe na fata-fata ko na gashi. Tsakanin gaɓoɓi akwai rami a karan shinkafa da alkama da yawancin gora, amma na dawa da masara da rake a cike yake.

Furen ciyawa ba shi da ado, gama ba ya neman ƙudan zuma, iska ce ke yi masa barbara. Kowane ɗan fure yana ɓoye tsakanin ƙaiƙayi biyu, mazajensa galibi uku suna reto a waje, na shinkafa kuwa shida ne, bakin macen kuma yana da gashi-gashi don cafke gari daga iska. Masara ta raba nata gida biyu: mazaje a ƙololuwa, mata a goyo, kuma kowane silin gemun masara yana kaiwa ga ƙwaya guda. Shi ya sa idan fari ya kama ta a lokacin fure akan sami goyo mai giɓi.

Dangin aya ya yi kama da ciyawa ƙwarai a ido, amma yatsu ba su ruɗewa. Idan aka murza karan aya ko na aya-aya, wadda wasu ke kira jiji, za a ji kusurwa uku, ba gaɓa, cikinsa kuma a cike. Ganyensu sahu uku ne, kubensu kuwa a rufe yake ruf. Sai dai akwai bauɗaɗɗu, kamar kajiji na turaren wuta, wanda karansa a mulmule yake, don haka tilas a haɗa da duban kan furen. Amfanin wannan sani ga manomi a fili yake. Magungunan feshin da aka haɗa musamman don kashe ciyawa a gonar wake ko gyaɗa ko auduga ba su yi wa aya-aya kome, ga shi kuma tana da 'ya'ya a ƙarƙashin ƙasa waɗanda ke sake tohowa bayan noma. Haka nan maganin da ake kira 2,4-D yana ƙyale gero da dawa ya kashe haki mai faɗin ganye, to amma wake ma mai kunne biyu ne, saboda haka wanda ya fesa shi a gonar da aka haɗa gero da wake ya kashe rabin amfaninsa da hannunsa.

Kacalla kuwa danginta dabam. Ganyenta dogo ne, shimfiɗaɗɗe, cikinsa kamar soso, kanta kuma kamar zangarniyar gero mai ruwan ƙasa-ƙasa, mazaje a sama mata a ƙasa. Tana son ruwa marar zurfi da ke kwance duk shekara. Bayan an gama madatsar ruwa ta Tiga a cikin 1974 da ta Challawa a cikin 1992, yanayin ambaliyar kogin Haɗeja ya sake, kacalla ta mamaye fadamun Haɗeja da Nguru, ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren su, ta kuma zama maɓoyar tsuntsayen da ke cin hatsi.

DANGIN DABINO

Wannan dangi mai iri wajen 2,600 ba ya ɓuya. Gangar jiki guda ce, ganye manya a tattare a ƙoli, kuma ganyen iri biyu ne. Akwai mai kama da gashin tsuntsu, kamar na dabino, da kwakwar manja, da kwakwar Attagara, da tukurwa. Akwai kuma mai kama da mafici, kamar na giginya da goriba. Goriba ta fita dabam da yake gangarta tana rabuwa biyu, kowane reshe ya sake rabuwa biyu. Furanninsu ƙanana ne masu yawa a jikin nono, kowanne da fallaye uku na waje da uku na ciki, mazaje kuma galibi shida.

Dabino da giginya da goriba suna da namiji dabam mace dabam, shi ya sa masu dabino ke hawa su ɗaura reshen furen namiji a nonon mace don barbara ta kama. Kwakwar manja kuwa tana fid da na maza da na mata a bishiya guda. Abin lura shi ne kowace ganga ido guda ne gare ta, can a tsakiyar ƙoli, in aka sare shi ba ta sake tohowa. Ƙarfin giginya kuma a bayanta yake, cikinta taushi gare shi, don haka ne bayan ake tsagawa a yi azara mai gagarar gara. Gwanda ta yi tsayuwa irin tasu, amma ganyenta mai raga ne, fallayen furenta biyar, ba ta cikin masu kunne ɗaya sam.

MASU ALBASA, INDA HATSARI YAKE

A nan ne ake bukatar natsuwa, domin a da masana kansu sun tara mafi yawan waɗannan a dangi guda. Sai da aka shiga binciken ƙwayoyin gado, aka fito da sabon tsari a cikin 1998, wanda aka yi wa gyara na uku a cikin 2016, sa'an nan aka rarraba su. Furen yawancinsu yana da fallaye shida da mazaje shida, sai a dubi yadda furannin suka jeru da inda mahaifa take.

Albasa da tafarnuwa suna fid da sanda marar ganye, furanni su taru a kanta daga wuri guda kamar tsinken laima, da 'yar riga mai kama da takarda da ke rufe su kafin su buɗe. Mahaifarsu a cikin fure take, kuma warinsu shi ne babbar shaida. Albasar kwaɗi ta fadama danginsu guda, ita ma laima take yi, amma furenta babba ne kamar kakaki, fari da ratsin ja, mahaifa a ƙarƙashi, ba ta da warin albasa, kuma tana da dafi mai sa amai. Albasar kura kuwa wani dangi ce: furanninta ƙanana suna jeruwa ne a tsawon doguwar sanda, ɗaya bisa ɗaya, sau da yawa tun kafin ganye ya fito. Dafinta zuciya yake kamawa, kuma da yake tana da ajiyar ruwa a gindi, takan yi kore tun ciyawa ba ta tashi ba, a daidai lokacin da dabbobi ke cikin yunwa. Ƙa'ida mai sauƙi ita ce duk albasar dajin da ba ta warin albasa ba ta shiga tukunya.

Rumana ana gane ta da ganye kamar takobi, waɗanda suka haɗu a gindi kamar mafici, da mazaje uku kacal, da mahaifa a ƙarƙashi. Gindinta curi ne guda, ba ɓawo-ɓawo kamar na albasa ba. Za'afaran ɗan wannan dangi ne, kuma abin da ake saye da tsada ɗin bakin macen furen ne mai rassa uku. Zabuwa kuma tana da ganye mai kauri da ruwa da ƙayoyi a gefe, furanninta kamar 'yan bututu ja ko rawaya.

Mafi hatsari duka ita ce baurera, wadda wasu ke kira gatarin kurege. Alamominta uku ne da ba su ɓacewa. Bakin kowane ganye yana ƙarewa da ɗan zare mai naɗewa, da shi take kama wasu tsirrai ta hau. Fallayenta shida, ja da rawaya masu lanƙwasar gefe, suna juyawa sama kamar harshen wuta. Tsinken macen kuma yana karyewa gefe guda daga kan mahaifa. Saiwarta fara ce mai tanƙwara kamar ƙotar gatari, tana ɗauke da dafin da ake kira kolcisin. A ƙasashen Indiya da Siri Lanka an sha samun mutanen da suka ci ta a zaton doya ce suka mutu. Dafin ba ya nuna kansa nan take, sai bayan wasu sa'o'i amai da zawo su taso, dafuwa kuma ba ta kashe shi. Wanda ya ci, a gaggauta kai shi asibiti tare da samfurin tsiron, kada a tsaya jiran alama. Kyaunta ya sa ƙasar Zimbabuwe ta ɗauke ta furen ƙasa, amma kyaun ɗan maciji ne.

MASU SAƁA ƘA'IDA: DOYA DA GWAZA

Dangogi biyu suna da ganye mai faɗi da jijiyoyi masu raga, duk da haka masu kunne ɗaya ne. Doya, wadda Nijeriya ta fi kowace ƙasa nomawa, tana da ganye mai siffar zuciya, manyan jijiyoyinsa suna tashi daga gindi su lanƙwasa su haɗu a baki. Furanninta ƙanana ne masu sassa shida, namiji dabam mace dabam, 'ya'yanta kuma suna da fikafikai uku, a nan ne lissafin uku-uku ya tona asirinta. Har naɗin igiyarta shaida ne. In mutum ya tsaya gaban sanda, zai ga igiyar farar doya tana hawa daga hagu zuwa dama. Doyar bisa, mai 'ya'ya a hammatar ganye, da doya mai ɗaci wadda a wasu wurare ake kira rogon biri, su kuwa daga dama zuwa hagu suke hawa. Mai ɗacin ganyenta uku-uku ne kamar na wake. Yarbawa da Ibo suna noma irin da ake ci, suna kiransa esuru da ona, amma na daji yana da dafi mai sa farfaɗiya, kuma masu cin sa a lokacin yunwa sai sun yayyanka sun jiƙa shi kwanaki cikin ruwa.

Dangin gwaza kuwa furensa ya isa shaida: sanda mai kauri wadda ɗaruruwan 'yan furanni suka manne mata, da mayafi guda da ya lulluɓe ta. Jikinsu cike yake da wasu 'yan allurai da ido ba ya gani, su ne ke sa ƙaiƙayin maƙogwaro in ba a dafa sosai ba. Gwaza iri biyu ake nomawa: a ɗaya, wadda ta fito daga Asiya, sandar ganye tana kama shi daga ciki kamar riƙon garkuwa, a ɗayar kuwa, 'yar Amurka ta Kudu, tana kama shi a daidai tsagar gindinsa. Kainuwa dashen Allah ita ma 'yar wannan dangi ce, furenta ɗan mitsitsi yana ɓoye tsakanin ganye. Sai dai kada a haɗa ta da baƙuwar kainuwa mai furen shuɗi-shuɗi da kumburarren wuyan ganye, wadda ta ɓulla a ruwan Badagiri ta jihar Legas a cikin 1984 ta toshe hanyoyin jiragen ruwa. Wannan wani dangi ce.

CITTA, AYABA DA SAURANSU

Citta mai yatsu, wadda kudancin Kaduna ya shahara da nomanta, da gangamau, da citta mai 'ya'ya, dangi guda ne. Ganyensu yana ƙamshi in an murza, furensu kuma namiji guda ne kacal mai gari, sauran mazajen sun rikiɗe sun zama leɓe mai launi. Ayaba maƙwabciyarsu ce: abin da ake zato gangar jikinta ne kuben ganye ne kawai suka naɗe juna, mazajenta biyar, furannin mata su ne ke zama nonon ayaba, na maza kuma suna can ƙarshe cikin jan kundu. Balasa mai rarrafe a gonaki tana da fallaye uku shuɗɗa da ke yanƙwanewa kafin azahar, kuma kowace gaɓarta da aka sare aka bari a danshi sai ta kama. Dangin okid kuwa, mai iri wajen 28,000, ana gane shi da falle guda da ya zama leɓe, da namiji da mace da suka haɗe a sanda guda, da iri kamar ƙura. Banila ta kayan zaƙi daga cikinsa take.

KADA SUNA YA RUƊI MUTUM

Dokta J. M. Dalziel, wani likita da ya yi aiki a Arewa, ya buga littafin sunayen tsirrai na Hausa a cikin 1916, ya kuma biyo da babban littafinsa kan tsirrai masu amfani na Afirka ta Yamma a cikin 1937. Wanda ya duba su zai ga sau da yawa suna guda yana hawa kan tsirrai dabam-dabam, tsiro guda kuma ya sami suna uku ko huɗu daga gari zuwa gari. Bahaushe yakan raɗa suna ne bisa kama ko amfani: rogon biri ba rogo ba ne, albasar kura kuma ba 'yar ɗakin albasa ba ce.

Saboda haka hanyar da ta fi aminci ita ce a bi daki-daki. A ɗaga ganye a rana a dubi jijiyoyinsa. A murza kara a ji ko mulmulalle ne ko mai kusurwa uku. A murza ganye a shinshina. A ƙidaya fallaye da mazaje, a nemi inda mahaifa take, a dubi yadda furanni suka jeru. Alama guda ba ta yanke hukunci, sai biyu ko uku sun yi shaida iri ɗaya. Malaman makaranta suna iya koya wa yara wannan duka a bayan aji, ba tare da kayan aikin da ya wuce reza da ɗan madubin ƙara girma ba. Tsiron da ya gagara kuwa, a tone shi da saiwa da ganye da fure, a danne shi tsakanin tsofaffin jaridu har ya bushe, a rubuta wuri da ranar da aka samo shi, a kai wa malamin gona ko sashen ilmin tsirrai na jami'a mafi kusa. Kafin amsa ta zo, kada mutum ko dabba su ɗanɗana shi.